Ƙamshin masa a Wunti ya dawo mini da Inna

Jiya da safe zan shiga kasuwar Wunti a Bauchi, sai ƙamshin masa da man shanu ya buge ni daga wajen wata mai tanda. Wallahi cak na tsaya. Shekara 11 ke nan da rasuwar kakata Inna, Allah Ya jiƙanta, amma sai ga ta a idona zaune kan kujera 'yar tsugunno, tana juya masa, hayaƙi na shiga idonta tana sharewa da bakin zani, tana ce mini: “Kai ɗan nan, bari ta huce mana.” Hotonta na cikin wayata, kullum ina kallo, bai taɓa girgiza ni haka ba.

Abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji, sai sun fara biyawa ta wani zango a ƙwaƙwalwa da ake kira talamus kafin a rarraba su. Ƙamshi ba ya jiran wannan layi. A can saman cikin hanci muna da nau'o'in masu kama ƙamshi kusan 400, waɗanda Linda Buck da Richard Axel suka gano asalinsu a 1991, har aka ba su kyautar Nobel a 2004. Daga nan saƙon yake zarcewa, cikin 'yan matakai kaɗan, zuwa amigdala, inda tsoro da shauƙi suke, da hipokampus, rumbun da ke adana abin da ya wuce. Shi ya sa ƙamshin da halin da zuciya take ciki a ranar ake ɗaure su tare a ajiye, galibi tun na yarinta. Ranar da ka sake shaƙarsa, ƙullin duka yake kwancewa.

Ni dai ina ganin mun raina hanci. Wanda ido ya fara yi wa hazo, da gudu ake kai shi asibiti. Wanda ya ce ya daina jin ƙamshi kuwa, sai a ce “mura ce, za ta wuce.” Haka muka ce wa Goggona a 2020 lokacin korona. Alhali rashin jin ƙamshi a wurin tsofaffi yakan zo tun kafin sauran alamun cutar mantuwa ta Alzheimer da cutar makyarkyata ta Parkinson. Ga kuma haɗarin gas yana zuba a kicin mutum bai sani ba. Don Allah, in iyayenku sun yi wannan ƙorafi, ku kai su wurin likita.

Goggo ta taɓa ce mini: “Ɗana, turaren wutan da mahaifiyarmu ta koya mini haɗawa na kunna, ban ji komai ba, kamar yau ta sake rasuwa.” A lokacin haƙuri kawai na ba ta. Sai jiya a bakin tandar nan na fahimci maganarta. Na sayi masa da zafinta na wuce gidanta a Yelwa.