Cikin jariri ba irin namu ba ne

'Yan'uwana matasa da Allah Ya ba ku haihuwar fari, da ku masu jiran taku, ku ba ni aron hankalinku. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga an ɗura wa ɗan sati biyu ruwa don ana ganin ƙishirwa ce ta sa shi kuka.

Mu manya, tun daga baki abinci ke fara narkewa, haƙora su niƙa, yawu ya fara aiki a kan sitaci. In ya sauka tumbi sai ruwan asid da sinadarin pepsin su hau kansa, tumbin yana murɗawa yana dama shi na awa 2 zuwa 4, sannan ya riƙa miƙa shi ƙaramin hanji kaɗan-kaɗan, inda jiki ke tsotse amfaninsa. Ruwa kuwa ba ya daɗewa yake wucewa.

Jariri bai kai nan ba tukuna. Ranar da aka haife shi, tumbinsa mililita 5 zuwa 7 kawai yake ɗauka, wato cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori. Sai ya yi kamar sati ɗaya kafin ya kai mililita 45 zuwa 60. Shi ya sa dakashin nan mai kauri da ke fara zuwa, duk da ƙarancinsa, ya ishe shi, kuma cike yake da garkuwar jiki. Kada a matse shi a zubar.

To ina ruwa zai shiga? Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ko a tsananin zafi yana kashe masa ƙishirwa. Ruwan da kuka ba shi ya cike gurbin nono alhali ba abin gina jiki a cikinsa. Yaro ya rage tsotso, nonon uwa ya ja baya, sai a ce ai ba ta da nono. Ƙodarsa ma ba ta yi ƙwari ba. Ruwa in ya yi yawa yana tsinka gishirin da ke cikin jininsa har ya kai shi ga jijjiga. In ruwan ba mai tsabta ba ne, ga gudawa. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Abinci mai sitaci ma a dakata, domin sinadarin da ke narkar da shi a hanji bai wadata ba a watannin farko. Zuma kuwa sai ya shekara.

Ku maza, da ku nake musamman. Mai jego takan ji nauyin musa wa manya, kai ne za ka yi musu bayani cikin ladabi, ka tsaya mata.

Tumbuɗi kada ya firgita ku. Ƙofar da ke tsakanin maƙogwaro da tumbi ce ba ta gama ƙarfi ba. In ya gama sha, a ɗora shi a kafaɗa, a shafa bayansa a hankali har ya yi gyatsa. Amma in aman kore ne, ko da jini, ko yana feshowa da ƙarfi bayan kowane sha, ko yaron yana ramewa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bari ya kwana.