Riƙon Yara Bayan Saki: Tsakanin Sakkwato da Ingila

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san yadda abin ke kasancewa idan aure ya mutu. A miƙa wa mace takarda, ta kwashe kayanta a ranar ta koma gidan iyayenta da goyo a baya, duk da cewa ayar farko ta Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta kafin ta gama idda. Manyan yaran kuwa sai su tsaya gidan uba domin wai 'ya'ya na uba ne, shi ma na goyon da zarar an yaye shi za a turo gwaggonsa ta zo ta ɗauke shi. Tun da zama ya kawo ni Birmingham nake auna wannan da abin da nake gani a nan, kuma na gamsu cewa dokar da muke da ita a gida ta wadatar, aiki da ita ne muka ƙi yi.

Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukan malamanmu, ta faɗa ƙarara cewa riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har a aurar da ita ta tare a gidan mijinta. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar, tun kafin a zo kan dangin uba. A duk tsawon wannan lokaci ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uban. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta kai ƙarar mijin da ya sake ta yana son karɓe ɗanta, Manzon Allah (SAW) ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Wannan shi ne hukuncin Malikiyya da alƙalanmu ke da shi a gabansu, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron irin waɗannan shari'o'i. Amma mata nawa ne suka san haka? Wadda ta sani ma, mahaifinta ne zai fara ce mata, "Ke 'yar nan, yi haƙuri, kada ki kai uban 'ya'yanki gaban alƙali ki ja mana abin faɗa."

A Ingila dokar yara ta 1989 ta ɗora komai a kan maslahar yaron, ba ta ba uwa ko uba fifiko tun daga farko ba. Kafin alƙali ya yanke hukunci, yakan sa ma'aikatan Cafcass, hukumar da ke ba kotunan iyali shawara kan lamarin yara, wadda aka kafa a 2001, su gana da iyayen, su zauna da yaron su ji ta bakinsa gwargwadon shekarunsa. Kuɗin ciyarwa kuma yana da ƙa'ida: ga mai matsakaicin samu, kashi 12 cikin ɗari na abin da yake samu ga yaro ɗaya, 16 ga biyu, 19 ga uku zuwa sama, kuma idan ya ƙi biya hukuma na iya cirewa daga albashinsa kafin ya shigo hannunsa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin a wajenmu ko alƙali ya yanke wa uba abin da zai riƙa bayarwa a wata, sau da yawa sai ya biya na wata biyu ya ɗauke ƙafa, matar kuma ba ta da kuɗin motar da za ta yi ta sintiri a kotu.

Sai dai ba na yi mana fatan duk abin da ke nan. Tun 2013 da aka janye tallafin lauya daga mafi yawan shari'o'in iyali, iyaye da dama ke tsayawa gaban kotu su kaɗai, shari'a ta yi ta jan ƙafa wata da watanni, kowa na tono aibin ɗan'uwansa domin ya yi nasara. Na ga yaron da iyayensa ke musayarsa duk Asabar a wurin ajiye motoci na wani kanti, ya sauko daga wannan mota da 'yar jakarsa ya shiga waccan, ba wanda ya ce wa wani sannu. Mu a gida muna da kaka da kawu da baffa masu shiga tsakani, kuma wannan arziki ne babba idan aka yi amfani da shi da gaskiya.

Abin takaicin shi ne sau da yawa dangin nan su ne ke zuga a ƙwace yaro domin a ƙuntata wa uwarsa. Yarinya 'yar shekara biyar ta koma hannun matar uba, ta kwana tana kuka, ta fara fitsarin kwance, a ce rashin tarbiyya ne ta gado. Uwar kuma a hana ta ko leƙo ƙofar gidan, ranar sallah ta aiko da ɗinki a mayar mata. Akwai kuma matan da ke cusa wa 'ya'ya ƙin ubansu, su hana shi ganinsu alhali yana sauke nauyinsa, wannan ma zalunci ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta rufe ƙofar ga kowa, ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa.

Ina roƙon malamanmu masu tafsiri da masu huɗubar Juma'a su riƙa karanta babin riƙo da ciyarwa a bainar jama'a kamar yadda suke karanta haƙƙin miji a kan mata, a ƙasar da Shehu Usmanu ya yi wa maza faɗa a kan barin matansu cikin jahilci. Alƙalai su riƙa rubuta ranakun ziyara da adadin kuɗin ciyarwa cikin hukuncin da suka yanke, su kuma ji ta bakin yaron da ya yi wayo a keɓe. Gwamnatin jiha kuwa tana iya farawa da ma'aikatanta, tunda albashinsu a hannunta yake: wanda kotu ta yanke wa ciyarwa ya ƙi biya, a cire daga albashinsa a tura asusun wadda ke riƙe da yaran.