Adalci ba ladan ƙudurin Janairu ba ne

Ran 1 ga Janairu Kiristoci da yawa kan ƙudura cewa bana sai sun zama masu adalci. Kafin Fabrairu ta fita an yi fushi, an tsallake addu'ar safe, sai mutum ya ce ta rushe, sai kuma baɗi.

Kuskuren shi ne ɗaukar adalci kamar jarrabawar da ƙoƙari ke ci. A Romawa sura 3, Manzo Bulus ya koyar cewa Allah ne ke baratar da mutum, wato ya ɗauke shi a matsayin mai adalci, kyauta, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu. Neman adalcin da ya umarci Timoti da shi a 1 Timoti 6:11 yana nan daram, amma daga baya yake biyowa. Saboda haka wanda ya yaɓa wa matarsa magana ran Talata ba ya jiran wani Janairu. A daren zai nemi gafararta, ya tuba.