Allurar mRNA ba dare ɗaya aka haɗa ta ba

Har yau a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka ana yawo da saƙon murya, wai allurar korona ta kamfanonin Pfizer da Moderna cikin gaggawa aka haɗa ta, wai tana canza halittar mutum. Abin na ci mini rai, domin dattawanmu ne ke saurara, su ne kuma ciwon huhu ya fi kayarwa.

Abin da ke cikin allurar ɗan saƙo ne, mRNA, a naɗe cikin mitsitsin kitse. Idan aka tsira a damtse, ƙwayoyin jiki su karanta shi, su ƙera irin ƙayar da ke jikin ƙwayar korona, ƙayar kaɗai, babu cutar. Garkuwar jiki ta gani, ta haddace kamanninta, ta zauna cikin shiri. Saƙon ba ya shiga cibiyar ƙwaya inda DNA, wato kundin halittar mutum, take, ba ya kuma daɗewa jiki ya narkar da shi. Rashin ƙwarin nan ne ma ya sa da farko ake ajiye ta Pfizer a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri.

Batun gaggawa kuwa, tun 2005 Katalin Kariko da Drew Weissman suka gano yadda za a gyara mRNA kada jiki ya yi masa bore, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2023. Kuma a nan Jidda aka fara gano cutar MERS a 2012, waccan 'yar'uwar korona mai alaƙa da raƙuma. A kan ƙayarta masana a Amurka suka koyi tsayar da siffar ƙaya kada ta sauya, dabarar da aka ɗauko lokacin da korona ta ɓulla.

Illa akwai, kada mu rufa. Damtse na ciwo, a yi zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, samari ƙalilan kuma sun sami kumburin tsokar zuciya, yawancinsu sun warke.

Yanzu aikin ya wuce korona. A Mayun 2024 Amurka ta amince da allurar Moderna ta cutar numfashi ta RSV ga 'yan shekara 60 zuwa sama, ana kuma gwajin wata da ake tsara wa kowane mai sankarar fata daidai da irin sankarar da ke jikinsa.

Ni dai hankalina na kan masana'antar allurar mRNA da BioNTech, abokin aikin Pfizer a allurar korona, ya buɗe a Kigali, babban birnin Ruwanda, a Disambar 2023. A nan Saudiyya an fara allura tun Disambar 2020, iyayenmu a Najeriya kuwa sai Maris na 2021 kashin farko ya isa gare su. Allah Ya sa in wata annoba ta taso, a same su da tasu a hannu.