Daren da aka yi mini tayin sumbar Glasgow

Da na fara aikin dare a wani sito a birnin Leeds na Ingila, na tarar abokan aikina in lokacin hutu ya yi karta suke bugawa, ba ta kuɗi ba, ta korar barci. Ni kuwa a unguwarmu a Zariya an san ni a Whot. Na gyara zama na shaida musu cewa a ƙasarsu aka ƙirƙiro wasan tun 1935, kuma kamfanin Waddingtons na nan garin nasu a da can ya daɗe yana buga katinsa. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa jin sunansa. Kayan gidansu, mu muke riƙe musu.

Nasu wasan, kife kati ake yi a tsakiya, ka faɗi abin da ka ajiye. Wanda ya karanto mini dokoki bakinsa cike yake da biskit, ga harshen Yorkshire mai haɗiye rabin kalma, sai kawai na yi ta gyaɗa kai. Da zagaye ya zo kaina na kife sarakuna uku, na ce sarakuna uku. Wani ƙato ɗan Glasgow, wuya kamar na bijimin salla, ya nuna ni da yatsa ya daka tsawa: "Cheat!"

Ni? Macuci? Ɗan limami guda, a gaban jama'a? Na miƙe har kujera ta kife. Na ce ya maimaita in ya isa. Ya tuntsire da dariya, ya ce in zauna ko kuma ya ba ni "Glasgow kiss".

Nan fa abin ya wuce zagi. Na ja da baya ina a'uzubillahi, na ce ina da mata da 'ya'ya biyu, ya kai sumbarsa can inda ake so. Sauran suka kwanta kan tebur suna riƙe ciki. Wani ɗan Gana da muke aiki tare ya jawo rigata yana raɗa mini cewa sumbar Glasgow tunkuyi ce, mutum ya gwara maka goshi a karan hanci. Wallahi sai na ji sanyi a raina. Duka dai an san maganinsa.

Ana cikin haka oganmu ya leƙo ya tambayi me ke faruwa. Wata mata ta ɗaga hannu ta ce ba komai, "handbags" ne kawai. Na ce to ga ta uku, yanzu kuma jakar mata ta ɓata a inda aka gama kirana macuci. Na zazzage aljihuna kan tebur: makulli, katin bas, ɓarin goro da aka aiko mini daga gida. Ashe haka suke kiran faɗan da ba a kai hannu, irin na 'yan ƙwallo masu ture juna da ƙirji. Wasan kansa kuma sunansa Cheat, ƙarya halal ce a cikinsa, kiran mutum macuci shi ne dokar.

Aka buɗe katina: sarakuna uku cif. Ƙaton ya kwashe tulin katin gaba ɗaya yana gunaguni. Ogan kuwa ya tsaya yana jujjuya goron, yana tambaya ko wannan abin an yarda a shigo da shi wurin aiki.