Dokar da aka soke ake koya wa ma'aikatanmu

Tun jiya raina a ɓace yake. Kun dai ga hotunan horon kwana uku da aka kira ma'aikatan ƙungiyoyi da lauyoyi Yamai, a koya musu dokokin ƙaura da na shige da fice. Ƙanena yana ciki, yana aiki da wata ƙungiya nan Tahoua. Da ya dawo ya miƙo mini kundin da aka raba musu, ya ce, "Yaya, duba ka gani." Na buɗe. Kusan rabin kundin a kan doka mai lamba 2015-36 yake, ta safarar baƙin haure, kuma babu layi ɗaya da ya ce an soke ta.

An soke dokar nan tun ranar 25 ga Nuwamba 2023. Shugaban ƙasa Janar Tiani ya sa hannu, har hukuncin da aka yanke wa mutane a ƙarƙashinta aka goge. Duk direban da ke lodi a tashar Agadas ya san haka, yaron mota ma ya sani. To yaya mai horar da lauyoyi zai kasa sani?

Ƙanena ya ce ya ɗaga hannu ya faɗa, aka amsa masa da cewa za a sabunta kundin nan gaba. Nan gaba yaushe? Mutanen nan sun riga sun koma Kwanni, Madawa, Abalak da kundin a jaka. Gobe mutum zai zauna gabansu da matsalarsa, su buɗe takardar nan su karanta masa dokar da ta mutu.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: ai kuskure ne, ai ko ba komai an ƙaru. Ban yarda ba. Wanda bai san doka ba yakan ce ban sani ba, je ka tambayi wani. Wanda aka koya wa tsohuwar doka kuwa da ƙarfin gwiwa yake magana, ga takardar shaidar horo a bango, talaka kuma ya gaskata shi. Wannan ya fi jahilci illa. Masu cewa ai masu ba da kuɗi ne suka tsara kundin, ku ma ku dakata. Su za su zauna da matar da aka koro daga wata ƙasa? Mu ne za mu zauna da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawan abin da ya canza wanda ya kamata a ce shi aka shafe kwana ukun ana yi. An soke ta 2015, amma dokar 2010-86 ta hana fataucin mutane tana nan daram. Ɗaukar fasinja zuwa iyaka daban, sayar da yarinya aikatau ko bara daban. Ma'aikacin da bai rarrabe su ba, ko dai ya tsorata direban da bai yi laifi ba, ko ya bar mai fatauci ya wuce yana cewa ai an soke doka. A Janairun 2025 an fito da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi a Nijar. A ranar 29 ga Janairun ficewarmu daga CEDEAO ta tabbata, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. Gida nawa ne a Adar ba su da ɗa a Abijan? Kullum tambayarsu ɗaya ce: fasfona na da yana aiki, ko sai na yi na AES, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso? Wannan ce tambayar da ake kawowa ofis, ita ce kuma ba ta cikin kundin.

Ku dubi mutum uku da za su iya shigowa ofis ɗaya rana ɗaya. Ga wanda ya gudo daga Mali ko daga Sakkwato saboda ƴan bindiga: dokar 1997 ta ƴan gudun hijira ce tasa, akwai hukumar da ke duba cancantarsa, kuma haramun ne a mayar da shi inda ya gudo. Ga ɗan Tiliya da ya bar ƙauyensa amma bai ƙetare iyaka ba: tasa ita ce 2018-74, ta masu gudun hijira a cikin ƙasa. Ga kuma wanda Aljeriya ta sauke cikin hamada ya tako kilomita 15 da ƙafa zuwa Asamaka, garinmu na bakin iyaka. Kowa da ƙofarsa. In ka nuna masa wadda ba tasa ba, ka cinye masa watanni da ɗan guzurin da ya rage masa. Na ga wanda ya yi kuka a gabana saboda haka, dattijo mai furfura, kuma har yau ban manta da fuskarsa ba.

Sannan komai da Faransanci aka yi shi. Wanda zai zo neman taimako Hausa yake ji, ko Tamashek, ko Fulatanci. In ma'aikaci bai taɓa gwada faɗin haƙƙin mutum da harshen mutumin ba, ranar da ya zauna gabansa sai baki ya ɗaure. Masu shirya horon, ku gyara kundin, ku kawo horon Tahoua, ku sa lauyan da ke shiga kotu yau ya koyar.