Ba kowace manhaja mai kyau ce ya kamata ta shiga cikin SageMath ba

Tun 2005 da William Stein ya fito da SageMath burinsa a fili yake, a samu manhajar lissafi ta kyauta wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gani, ta tsaya a madadin su Magma da Maple da Mathematica da MATLAB masu tsadar lasisi. Dabararsa kuwa ita ce kada a sake ƙera abin da wasu suka riga suka ƙera, sai aka tattaro manhajojin lissafi na kyauta irin su GAP da PARI/GP da Singular da Maxima da sauransu aka ɗaure su da Python, wani harshen rubuta manhaja. Dabara ce mai kyau, amma ita ta haifo rigimar da har yau ba ta mutu ba: wace za a saka, wace za a bari a waje?

Sage ta kasa su gida uku, na dole da ke zuwa wa duk wanda ya sauke ta, na zaɓi da sai ka nema, sai na gwaji. Ni dai ra'ayina a ƙuntata ƙofar gidan farko sosai.

Sharaɗin lasisi babu gardama a kai, dole ya dace da GPL, lasisin Sage da ke ba kowa damar amfani da manhaja da gyara ta da raba ta. Dubi manhajar lissafi nauty ta Brendan McKay, babu mai musun ingancinta, amma tsohon lasisinta ya hana amfani da ita a harkar soja, don haka ta zauna a wajen gidan dole sai da aka mayar da lasisinta Apache 2.0, wanda ya dace da GPL, sannan ta shigo. Wannan daidai ne.

Inda nake ganin ana sakaci shi ne tambayar wa zai riƙe ta. Mai kawo manhaja yana zuwa da zumuɗi, a kaɗa ƙuri'a ta wuce, bayan shekara biyu ya gama digirinsa ya kama wani aiki, sai a bar 'yan sa-kai da gyaran abin da ba su suka rubuta ba, kuma dole ta yi aiki a Linux da macOS duk sanda aka fitar da sabon zubi. Maxima kaɗai ta jawo Lisp, harshen da aka rubuta ta da shi, gaba ɗaya a bayanta. Ƙaura zuwa Python 3 ma sai a 2020 ta tabbata da Sage 9.0, kuma yawan kayan da aka ɗauko yana cikin abin da ya sa tafiyar ta yi nauyi.

Na san masu bincike za su ce idan abu bai zo kai tsaye ba mutane ba sa nemansa, kuma akwai gaskiya a nan. Amma fa ɗalibin lissafi a Zariya ko Maraɗi da ke sayen data kaɗan-kaɗan, da tsohuwar laftof, shi ke biyan kuɗin kowane ƙari, alhali galibi abin da yake so bai wuce aljabara da kalkulas ba. Ƙwararren da ke buƙatar abu na musamman ya fi shi iya rubuta layi ɗaya ya sauke abinsa daga gidan zaɓi.